Muryar Haulatu

Da sunan Allah nake farawa. Masu turo saƙo kuna tambaya ko an sa rana, ku yi haƙuri, ba a sa ba. Waɗanda kuma yau suka fara cin karo da ni, sunana Raihana, a Daura nake zaune wurin Goggona, kuma ni 'yar ɗan fim ce. Na saba faɗin wannan tun da wuri, don mai niyyar tashi ya tashi kafin a ɓata masa lokaci.

Mahaifina shi ne Ya'u Sandamu. In shekarunki sun haura talatin, kin san fuskarsa ko ba ki san sunansa ba. Tun yana makarantar horon malamai ya fara wasan daɓe, daga nan gidan talabijin a Katsina ya ɗauke shi, ya shekara bakwai yana fitowa a mugun dillali duk ranar Alhamis. Da zamanin kaset ya zo ya koma Kano, ya zama darakta, har aka yi lokacin da in ba sunansa a bayan kwali 'yan kasuwa ba sa ɗaukar fim. Sai kasuwar ta mutu, yara masu waya suka karɓe fagen. Shekara shida ke nan da ya dawo Daura da kyamara ɗaya, kwamfuta ɗaya, da ciwon suga.

Har yau in ya shiga kasuwa za ki ji ana "Dillali! Dillali!", matasa na rige-rigen ɗaukar hoto da shi. Amma a wurin ɗaurin aure ban taɓa ganin an matsa masa a tabarmar gaba ba. Kowa na son ya yi dariya da Baba, ba mai son ya haɗa zuri'a da shi.

Ina da shekara huɗu mahaifiyata ta rasu. Baba yana lokeshin ɗaukar fim a Jos, sai bayan an dawo daga maƙabarta ya iso. Goggo Murjanatu, yayarsa, ita ta ɗauke ni a ranar, kuma har gobe ba ta yafe masa ba. Ba ta hana ni zuwa wurinsa, amma ta yanka min rana ɗaya, Asabar, in kai masa abinci in dawo kafin magariba.

Gidansa yana bakin gari ta hanyar Zango. Ɗaki biyu ne. Ɗaya yake kwana, ɗayan ya lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu, ya kira shi sutudiyo. A da in na je, gaisuwa ce kawai. "Uwata, kin zo?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Na zo, Baba." "Ya Goggonki?" "Lafiya lau." Shi ke nan, sai mu zauna muna kallon ƙadangaru a jikin katanga. Ban san shi ba, bai san ni ba, kuma duk mu biyun kunya ta hana mu fara tambaya.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku.

Shekara biyu da suka wuce Baba ya ɗauki wani shiri mai dogon zango don tasharsa ta YouTube, sunan shirin Tashar Kongolam, kashi arba'in. Labarin wata mai sayar da abinci ne a bakin iyaka, Haulatu, wadda mijinta ya tafi Agadas bai dawo ba. A ainihin tashar motar ya ɗauka, cikin rugugin manyan motoci da ihun 'yan kamasho, saboda haka ba maganar da ta fita. A irin wannan aikin sai an dawo sutudiyo, kowane ɗan wasa ya kalli bakinsa a allo ya sake maimaita maganarsa, a ɗora. Kowa ya zo ya yi nasa. Ita kuwa jarumar, sati ɗaya da gama ɗauka aka ɗaura mata aure, mijin ya ce ko tari ba za ta yi a gaban makirfo ba.

Wata Asabar na same shi yana kallon Haulatu tana motsa baki ba sauti, takardar labarin a cinyarsa. Na leƙa takardar, don wasa na karanta layin da ke sama.

Ya juyo a hankali. "Sake faɗa."

Na sake.

Ya cire abin kunnensa ya sa min. "Kalli leɓenta, kada ki kalli takarda. In ta ja numfashi, ki ja."

Daga ranar na zama muryar Haulatu. Fuskar wata ce, sunan wata ne a rubuce a ƙarshen shiri, amma duk dariya da duk kukan da kuka ji nawa ne. Kuma a cikin ɗakin nan mai warin tsohuwar katifa na sami uba. Mutumin da ba ya iya tambayata me na ci, sai ga shi yana faɗa da ni a kan harafi ɗaya. "Kada ki yi kukan, Uwata, riƙe shi za ki yi. Mai kallo ne zai yi miki." In na yi daidai ba ya yabo, sai ya buga tebur da yatsa biyu ya ce, "Ya yi." Wallahi saboda wannan kalmar nake ƙirga kwanakin mako. Mun saki kashi talatin da bakwai, saura uku.

Sai Musaddiq ya shigo rayuwata, ta ƙofar garke. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a kasuwar Mai'adua, tunkiyar Goggo ta ƙi cin abinci aka kira shi. Ya zo da farar shadda wadda aljihunta ya yi shuɗi da magani, ya yi wa tunkiya allura, ya dawo duba ta sau huɗu alhali tun a na farko ta warke. Ba shi da surutu. Saƙonsa ma gajere ne kamar na banki. "Kin ci abinci?" "Na iso gida." Amma shi ne namiji na farko da na ce masa ni 'yar Ya'u Sandamu ce bai sauya fuska ba. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba.

Mahaifinsa, Alhaji Maliki, babban ɗan kasuwar hatsi ne a Zango. Da aka yi bincike aka kai masa labarin ko 'yar wace ce, sai bayan kwana uku ya aiko da sharaɗi ɗaya. Ba ruwansa da sana'ar uba, tunda ba a hannunsa na tashi ba, amma a tabbatar masa yarinya ba ta taɓa sa ƙafa a harkar fim ba. Goggo ta yafa mayafi ta fita zaure, a gaban maza huɗu ta ce, "Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ko hoton biki yarinyar nan ba ta cika tsayawa ba." Ina bayan ƙofa ina ji. Na ce a raina ai ba ƙarya ta yi ba, ƙafata ba ta shiga ba. Kun ga irin dabarar da mutum ke yi wa kansa.

Ranar Alhamis da ta wuce matan gidansu suka zo ganina. Tun safe Goggo ta hana ni sakat. Atamfa ruwan ganye ta ciro min daga ƙasan akwati, da mayafi ruwan madara mai ƙaramin aiki a baki. An yi min jan lalle a yatsu, an turare ɗaki har idona na yaji. Na dama fura da kindirmo, Goggo ta soya waina.

"Ki durƙusa daga bakin ƙofa," ta ce tana gyara min ɗaurin kallabi. "Ido a ƙasa. Aka tambaye ki, kalma biyu ta isa. Ban da wannan dariyar taki ta 'yan tasha."

"To, Goggo."

Bayan la'asar suka iso, su biyu. Hajiya Barakatu, ƙanwar Alhaji Maliki, doguwa mai gilashi, irin matan da ke duba ƙasan kofi kafin su sha. Sai kakar Musaddiq, Inna Kyauta, 'yar tsohuwa ƙarama da yanar ido ta rufe mata gani, ana riƙe da hannunta.

Na durƙusa na gaishe su can ƙasan maƙoshi.

"Wa ke magana?" in ji Inna. "Matso nan, 'yar nan. Ni da kunne nake gani."

Na matsa. Ta laluba fuskata da tafin hannunta mai sanyi, ta taɓa hancina, ta ce ba laifi. Ta kurɓi fura.

"Wa ya dama?"

"Ni ce, Inna."

"Kin iya. To ke tsakaninki da Allah, me kika gani a jikin Musaddiq? Yaron da in ya shigo ɗakina sai na ɗauka akuya ce ta kwance. Kwana uku warin maganin shanu bai fita."

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na cije leɓe, na danne, amma dariyar ta ƙwace.

Hannun Inna ya tsaya a kan kofi. Ta karkato da kunnenta wajena, fuskarta ta washe gaba ɗaya.

"Haulatu," ta ce. "Ke ce?"



"Inna, Raihana sunanta," in ji Hajiya Barakatu.

"Ke rufa min baki, na san abin da nake faɗa. Duk Juma'a jikokina na kunna min ita a waya. Haulatu ta tashar Kongolam." Ta kamo hannuna da nata biyu ta matse. "Allah sarki, 'yar nan. Kin sha wahala. Ranar da kika je ofishin 'yan sanda neman labarin mijinki suka kore ki, ban ci tuwo ba. Har a sallah ina sa ki. Ashe Allah zai haɗa mu."

Masu karatu, a duk shekara biyun nan ba wanda ya taɓa ce min sannu da aiki. Sau nawa na zauna a ɗakin malamai a makarantar da nake koyarwa ana hirar Haulatu, ina shiru ina jan biro a littafin yara. Yau ga mutum ɗaya a duniya ta gane ni, tana murna, tana shafa hannuna, kuma da wannan murnar take rusa min aure. Na rasa ko in rungume ta ko in tashi in gudu.

Hajiya Barakatu ta gyara gilashinta. Ta buɗe jaka, ta ciro waya, ta yi 'yan danne-danne, ta ajiye a tsakiyar darduma. Sai ga muryata ta cika ɗakin, tana ciniki da wani direba a kan kwanon shinkafa, sannan ta yi dariya. Ba wanda ya kalli wayar. Ni suke kallo.

"Muryoyi na kama da juna," in ji Goggo.

"Haka ne," in ji Hajiya Barakatu, ta mayar da wayar jaka. "Inna, tashi mu tafi, yamma ta yi." Ko wainar ba su taɓa ba.

Na zaci Goggo za ta yi faɗa. Da ta yi, da na ji sauƙi. Sai ta zauna a bakin gado tana naɗe mayafinta, ta naɗe ta warware, ta sake naɗewa.

"Ke ce?"

"Ni ce, Goggo."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Ta gyaɗa kai. "Ni na yi ta zuba abinci a kwano ina ba ki, ashe aike nake yi. Uwarki a hannuna ta cika tana tambayar ko ubanki ya iso. Na ce ke kam ba za ki san wannan jiran ba. Kuma kika tsaya a bayan ƙofa kina ji na rantse da Allah." Daga nan ba ta ƙara ce min uffan ba. Washegari da sassafe na ji ta fita, ban tambayi ina za ta ba, na sani.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci saƙon Musaddiq ya shigo.

"Baba ya ji."

Na rubuta: "Me ya ce?"

"Ya ce Inna ta tsufa, kunne na iya ruɗinta. In ba ke ba ce, ki zo ki faɗa a gabansa da bakinki. Zai karɓa."

"In kuma ni ce fa?"

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Ban tambaye ki ba, Raihana. Don Allah kada ki gaya min. Kalma huɗu ce kawai. Ranar Lahadi bayan azahar."

Na kifa wayar a kan filo. Wato shi ma ya sani. Wataƙila ya daɗe da sani. Yana sona har zai iya zama da ƙaryata, amma ba zai iya tsayawa a gaban mahaifinsa da gaskiyata ba. Ban ji haushinsa ba, kaɗaici na ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko a ranakun Sallah da nake kallon yara riƙe da hannun iyayensu.

Asabar da safe na buɗe tashar Baba don in ji ko da gaske dariyar ta fito fili haka. Babu Tashar Kongolam. Na sake nema, na rubuta sunan da kyau. Kashi talatin da bakwai, aikin shekara biyu, shirin da ya sa aka sake tunawa da sunan Ya'u Sandamu, duk babu. A ƙarƙashin wani tsohon bidiyonsa mutane sun fara tambaya. "Darakta ina Haulatu?" "Saura uku fa a gama."

Ban jira Goggo ta zuba abinci ba, na tari mai adaidaita.

A waje na same shi, zaune a kan benci a inuwar darbejiya, da tsohuwar jamfarsa ruwan toka. An sa wa ƙofar sutudiyo kwaɗo.

"Uwata, kin zo?"

"Baba, me ya sa?"

"Zauna."

"Saura kashi uku. Mutane na jira. Kai ka ce min wannan ne aikin da za a tuna ka da shi."

"Na faɗa." Ya murza idonsa da bayan hannu. "Goggonki ta zo jiya. Shekara ashirin tana gaya min magana, jiya ce rana ta farko da na rasa amsa. Yanzu ba abin da za su kunna su gwada. Wanda ya sauke a wayarsa, ya sauke, kwana biyu za a manta. An manta da waɗanda suka fi wannan."

"Ƙarya fa suke so in yi."

"Na sani. Zunubin a wuyana, ni na sa miki abin kunne." Ya miƙe, ya ja bencin gefe, ya nuna min tsakiyar tsakar gidan. "Tashi ki tsaya can. Nan ne ƙofar falon. Ni ne Alhaji Maliki."

"Baba..."

"In za ki yi, ki yi shi da kyau. In kika yi rabi, kin rasa mijin, kin kuma kunyata Goggonki a banza. Shigo."

Na shigo. Na durƙusa. Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa, ya saukar da gira, nan take ya zama wani attajiri da ban taɓa gani ba. Ko a wannan halin sai da na ji mamakin iyawarsa.

"Yarinya, an ce ke ce kike magana a wasan nan."

"Ba ni ba ce." Da ƙyar ta fito.

"A'a. Kin sunkuyar da kai da yawa, mai gaskiya ba ya ɓoye fuska haka. Kuma kin yi sauri. Ki bari tambayar ta ba ki mamaki tukuna. Sake."

"Ba ni ba ce."

"Kin sauko da murya ƙasa, nan ne Haulatu take zaune. Ɗaga ta sama kaɗan, ki sirantar. Kada ki ja ƙarshen magana, ita ce ke ja. Sake."

Na kalle shi. Wannan mutumin ya shekara biyu yana gina muryar nan harafi bayan harafi, yanzu yana nuna min inda zan sa guduma. Hawaye ya cika min ido.

"Riƙe shi," ya ce a hankali. "Sake."

Na ja numfashi. Na bari tambayar ta iso ni. Na ɗago kai daidai gwargwado, na ɗan buɗe ido kamar yarinyar da aka yi wa ƙazafi ba ta san dalili ba.

"Ni, Alhaji? Ba ni ba ce."

Ya daɗe yana kallona. Attajirin ya zube daga fuskarsa, ya bar wani tsoho mai ciwon suga a kan benci.

"Ko ni na yarda," ya ce.

Na matso zan zauna kusa da shi, ya ɗaga hannu.

"Tafi gida, Uwata. Kuma daga yau ba sai kin riƙa zuwa ba. Za su sa ido a kanki, ko bayan biki. In suka ga kina shigowa nan, duk abin da muka yi yanzu ya tashi a banza."

"Wa zai kawo maka abinci?"

"Akwai mai tuwo a bakin titi."

"Wa zai tuna maka da maganinka?"

Ya tashi ya shiga ɗakin kwanansa ya saki labule. Na tsaya ina kiran "Baba" daga waje har na ji kunyar maƙwabta, sannan na fito.

Yau Lahadi. Ina rubuta muku wannan ina zaune a bakin gado, sanye da leshi fari da Goggo ta goge da hannunta ta ajiye min ba tare da ta kalle ni ba. An yi azahar. Musaddiq ya turo motar gidansu, tana ƙofa, direban ya yi hon sau biyu. Saƙonsa na kan allon wayata, ban buɗe ba, amma ina ganin farkonsa: "Kin shirya?"

Jiya a hanyar dawowa na yi ta fatan a ce na kasa. Da na kasa, da an zaɓa min, in koma in fasa kwaɗon nan mu ƙarasa kashi ukunmu. Amma ban kasa ba. Na gwada a gaban madubi da safen nan, ta fito sumul, ko gira ban motsa ba. Na iya faɗinta, kuma Babana ne ya koya min.

Goggo ta ɗaga labule. "Taso, suna jira."